Shekarar da Na Daina Barbaɗa Hoda

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, ku 'ya'yana. Kada ku ga kunnena ya fara nauyi ku ɗauka gulma ma ba ya jin ta. Wai ni na kori Hajiya Zahra daga gidana don na samu sababbin ƙawaye 'yan yara. Wata a cikinku, ba zan kama suna ba amma a Kaduna take aure, har cewa ta yi wai babanku ne ya sa baki, tunda dama can shi ba mai son kiɗa ba ne. To duk kun yi ƙarya, Allah ya shirye ku. Kun matsa mini in rubuta rayuwata kafin in manta, to ga wannan maganar zan faɗe ta yadda ta faru, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Sai na koma Fagge tukuna, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Kawunku Garba, yayana, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne, amma ba gyaran ne a ransa ba, faifai ne. A zamaninmu samarin Kano sun haukace a kan wani kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka da ake ce wa sol, kiɗa ne mai ganga da ƙaho da muryar da za ka rantse mai ita wani yake roƙo ya dawo gida. Kowa yana da faifan da ake sakawa a gidan rediyo. Shi Yaya Garba ba ruwansa da waɗannan, ya ce abin da kowa ya sani ba kiɗa ba ne, hayaniya ce. Nasa su ne waɗanda ba su yi kasuwa ba, ƙananan fayafayai da aka buga kaɗan aka manta da su, yana bin direbobin Ikko da ma'aikatan filin jirgi yana magiya. In ya samu ɗaya, abin da zai fara yi shi ne ya yanko takarda ya liƙe tsakiyar faifan da ƙaro, daidai inda aka rubuta sunan mawaƙi, don kada abokan gasarsa su leƙa su je su nemo irinsa. Ranar Asabar kuma ya share shagon tas, ya barbaɗa hodar jarirai a kan siminti. Ku riƙe wannan da kyau: rawar sol ba a ɗaga ƙafa a cikinta. Zamewa ake yi, ka ja hagu, ka ja dama, ka juya kamar katantanwa, kuma in ba hoda a ƙasa ƙafar cijewa take yi. Ni ta tagar baya na koya, ina leƙe, in na shiga ɗakin Inna in saci hodarta in gwada.

Da aka ɗaura mini aure da babanku, ya samu gurbin karatu a Alƙahira, ana haɗa mini kaya sai ga Yaya Garba da wata kwalla mai nauyi kamar an cika ta da duwatsu. Ashe fayafayan ne, sun zauna a ciki cif kamar don su aka ƙera ta, ga kuma ɗan ƙaramin garmahonsa a naɗe cikin tsohon bargo.

"Ƙasar malamai za ki," in ji shi. "Su za su yi ta karatu, ke kewa ta kashe ki. Tafi da su."

Bai yi ƙarya ba. Mun sauka a unguwar Hayyus-Sabi', a wannan shaƙƙar, wato sashen benen haya, da kuka taso a cikinta, babanku ya fita tun safe sai dare, ni ga bango ga ni. Ban iya Larabci ba, ko tumatir in zan saya da yatsa nake nunawa. Na yi kuka har na gaji da jin muryata. Wata Alhamis bayan la'asar na ce yau dai ko me za a yi a yi, na naɗe darduma, na barbaɗa hoda a tayil, na ɗora allura a kan faifai. Ban yi nisa ba na ji ana dukan ƙofa, na ce shi ke nan maƙwabta sun zo kawo ƙara. Ina buɗewa sai ga wata doguwar mata baƙa cikin laffaya, hannunta duk lalle, ta dube ni ta dubi farin ƙasan, sannan ta yi magana da wata irin Hausa da rabinta Larabci ne.

"Ke ce ke cin daɗi ke kaɗai, mu muna can zafi yana dafa mu? Matsa in shiga, yalla."

Hajiya Zahra ke nan, lokacin ba ta ma je Makka ba. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina za su aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Tana zaune a shaƙƙar da ke kallon tamu, tana haɗa turaren wuta tana yi wa amare lalle. A ranar ta cire takalmi ta hau hodar nan, ta faɗi sau ɗaya, ta tashi tana dariya, kafin magariba ta kama rawar. Tunda sunayen fayafayan a liƙe suke, ni da ita muka raɗa musu namu. Akwai Jirgin Nguru, saboda gangarsa. Akwai Tashi Rabi, don ko ina laulayi in aka saka shi sai na miƙe. Akwai wani mai sanyi da muke rufe taro da shi, shi muka sa wa Sallama.

Babanku kuwa, da ake ɗora wa laifi, ga iyakar abin da ya yi. Ya dawo ya taka falon da safa, saura kaɗan ya kai ƙasa da littattafansa, ya dafe bango yana salati. Da na gama yi masa bayani ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shi yana da fahimtarsa a kan kiɗa, malamai kuma sun yi saɓani, amma matar da ya baro tana kuka da safe ba ita ya tarar da yamma ba, wannan kuma ya gani da idonsa.

"Sharaɗi uku, Rabi," ya ce. "Mata zalla, labule a sauke, kuma kiran sallar magariba ya tarar da ku shiru."

Daga ranar duk Alhamis in ya yi la'asar a masallaci can yake zama sai an kira magariba. Shekara da shekaru iyakar ƙorafinsa shi ne dardumar sallarsa tana ƙanshin jarirai.

Kai, Alhamis ɗinmu ta yi zamani! Matan ɗalibai daga Kano, daga Sakkwato, daga Damagaram, ga 'yan uwan Zahra na Sudan, falon nan ya cika har sai an jingine kujeru a baranda. Wannan ta zo da ƙosai, waccan da ɗa'amiyya, ƙosan Masarawa, Zahra da tulun zoɓonta. Ni ce mai barbaɗa hoda, da hannuna, da bismillah, ba na bar wa kowa. Kuma kada ku ɗauka rawa ce kawai. A nan ake gane wadda ke kuka a ɓoye, da mai cikin fari da ba ta da uwa a kusa, da wadda tukunyarta ta kwana biyu ba ta hau wuta ba. Mace ba za ta zauna ta ce maka tana cikin damuwa ba, amma in ta yi gumi ta zube a gefe tana haki, bakinta buɗewa yake yi. Mata nawa ne muka raka asibiti haihuwa daga falon nan? Nawa muka hana tattara kaya su gudu gida? In miji ya gama karatu su tafi, wasu su zo, tsofaffi su kawo sababbi. Ko da mijin Zahra ya rasu, haya ta fi ƙarfinta ta koma Arba'a wa Nus, can gabas inda mutanen Sudan suka yi yawa, ba ta taɓa fashi ba. Mota biyu take hawa ta zo, kuma ita ke riga kowa.

Abin ya fara lalacewa ne a hankali, yadda miya ke ƙarewa a tukunya ba ka lura ba sai ka ji ludayi yana karta. Sa'o'inmu wasu suka koma gida, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Sababbin amare kuwa ga su nan birjik a unguwa, har sun fi na da yawa, ga kuma 'yan matan Sudan da yaƙi ya koro a shekarar. Na aika a kira su, suka zo. Sai su shigo da sallama, su durƙusa su gaishe ni, su lallaɓa ta gefen bango su jeru a kan kujera kamar masu jiran likita, kowacce ta naɗe ƙafa tana latsa waya. In sa Jirgin Nguru, ni da Zahra mu yi ta zamewa muna juyi, su yi mana tafi na ladabi. Su sha shayi, su ce Allah ya saka, mako na gaba ko ƙeyarsu ba za ka gani ba. Har aka wayi gari wata Alhamis na soya ƙosai cike da faranti, daga ni sai Zahra. Mun yi rawar, amma wallahi ranar da na saka Sallama sai na ji kamar da gaske yake yi. Tsoro ya kama ni, na ga abin nan zai mutu a hannuna, kuma amaryar da za ta zo garin nan gobe ba ta da ƙofar da za ta buga.

Da muka zauna cin tuwo na kasa ci, ina ta mita a kan yaran zamani. Bilkisu, autarku, lokacin tana karatun haɗa magunguna a Giza, ta ce in yi haƙuri amma kiɗana ya zama tarihi. Wai akwai wasu samarin Masar a tsakiyar gari da ke haɗa daren rawa na irin waɗannan fayafayan, in suka ga kwallata suma za su yi, don ta gwada sa wa wayarta su, wayar da ke gane kowace waƙa, amma rabi ta kasa faɗin sunansu. Na ce to su suma, ni ba samarin Masar nake nema ba, matan unguwata nake nema. Babanku yana can yana suɗe hannu, ko ɗago kai bai yi ba.

"In kiɗa ya sauya, Hajiya, ai rawa ma sai ta sauya."

"Malam, ka ji da tafsirinka," na ce. "Yaushe ka san kiɗa balle sauyinsa?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Zahra kuwa da na gaya mata a waya, cewa ta yi in rabu da su, yaran yanzu ba su da ƙugu, sai babban yatsa.

Da na yarda da ita, ba don Hafsa ba. Hafsa amarya ce 'yar Gusau, tana hawan da ke saman namu, mijinta irin babanku ne na da, daga aji sai ɗakin karatu. Ta tagar kicin nake jin kukanta da hantsi, irin kukan da na sani sarai don na yi shi. Ta zo Alhamis ɗinmu sau ɗaya, ta zauna kamar an dasa ta, ba ta dawo ba. To amma wasu ranakun sai in ji wani kiɗa mai sauri yana saukowa, ga dirin ƙafa dim-dim-dim har fitilar falona tana lilo. Na ce au, ashe yarinyar nan ta iya, a gidana ne take yi mini salihanci? Raina ya ɓaci. Na zuba mata miyar kuka a kwano don kada in je hannu rabbana, na hau. Ta karɓa tana ta sunkuyar da kai. Na zauna na ce ba inda za ni sai ta faɗa mini abin da na yi musu. Ta ce ba komai. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta murɗa bakin mayafinta har na ce zai yage, sannan da wata 'yar murya ta ce:

"Mama, don Allah kada ki yi fushi. Falonki ne, santsi gare shi."

"Santsi?"

"Ranar da na zo na yunƙura zan tashi, ƙafata ta tafi, da ban kama hannun kujera ba da na zube a gabanku. Mu rawarmu buga ƙafa ake yi, a ɗaga gwiwa, a yi tsalle. Ga wasu da juna biyu. Duk muna so mu zo wallahi, zaman ɗaki ya ishe mu. Amma mun ga ke da kanki kike zuba hodar, har da bismillah. Wa zai iya buɗe baki ya ce wa babba ta daina?"

Na ce to kiɗan fa? Ta ce yana da daɗi, sai dai ba su san ta inda ake kama shi ba. Daga nan ta ƙara da cewa a tsakaninsu ma sunan gidana gidan Mama mai santsi, ta kuwa toshe baki don ta ga ta yi suɓutar baki. Na fito fuu kamar zan tashi sama. Ni za a yi wa suna a unguwar da na riga iyayensu sani? Ban kai rabin matakala ba dariya ta kama ni, na zauna a nan ina yi har da hawaye. Ikon Allah! Ina can ina zagin zamani da waya da lalacewar tarbiyya, ashe tarbiyyar ce ma ta rufe musu baki.

To a nan fa aka zo wurin yanke shawara, kuma ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda kuke gani. In akwai hoda, yara ba za su taka ba. In babu, tamu rawar ta ƙare. Babanku ya ce a raba falon biyu mana, kamar gado. Na gwada ni kaɗai wata Talata, na ga hoda ba ta san iyaka ba, ƙafa take bi, kafin faifai ɗaya ya ƙare ta game ko'ina. In kuma ka ce a fara tamu sannan a goge, da ruwa ya taɓa ta sai ta zama kunu, kafin ƙasa ta bushe an kira magariba. Na kwana biyu ina jujjuya abin. Na tuna dukan ƙofar da aka yi mini ina amarya, na tuna kukan da ke saukowa ta tagar kicin. Ranar Alhamis na sa tsumma na wanke tayil ɗin nan har yana ƙara in ka taka, na aika Bilkisu ta bi gida-gida ta ce Mama ta ce santsi ya ƙare, kowa ta zo da kiɗanta.

Zahra na zaune a kujerarta na fito daga kicin. Ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"Ina hodar, Rabi?"

Na zayyana mata duk yadda muka yi da Hafsa, ina dariya, na ɗauka ita ma za ta yi. Ko murmushi.

"Wato kin sayar da Alhamis ɗinmu ga yara."

"Alhamis ta mutum biyu ai ba Alhamis ba ce, Zahra, zaman makoki ne."

"Su koya mana, yadda na koya. Ni ban faɗi ba ranar farko?"

"Ke ba ki da ciki wata bakwai ranar."

"Tamam, shi ke nan," ta ce. "Gidanki ne."

Wannan kalmar ta ƙona mini rai, don a tsawon zamanmu ba ta taɓa kiran gidan nan nawa ni kaɗai ba. Ni ma kun san halina, ba a taɓa ni in yi shiru. Na ce eh gidana ne, kuma ba zan zauna ina kallonsa ya zama kufai don taurin kan tsohuwa ɗaya ba. Na faɗa, ba zan ɓoye muku ba, kuma a lokacin gaskiyata nake gani.

Yaran suka zo, suka zo da ƙawayensu. Hafsa ta haɗa wayarta da wata 'yar sifika, aka fara da waƙoƙin Hausa na yanzu, 'yan Sudan suka karɓe da nasu mai gudu kamar ana kora, wata ma ta sako irin na masu tuk-tuk, a-daidaita-sahun Masar, da ke fasa kunne. Falon nan ya ɗauka! Hafsa da nake ji wa tausayi ta zama wata aba, ɗankwali ya faɗi ba ta sani ba. Don in faranta wa Zahra na tsayar da su na ɗora Tashi Rabi. Na miƙe zan zame, ƙafa ta cije, na yi tangal-tangal kamar mai koyon tafiya, a nan na san tawa ta ƙare. Yaran kuwa suka shiga suna buga masa ƙafa kamar masu daka, abin haushi abin dariya. Na waiga in ga ko Zahra na kallo. Tana zaune ƙyam, hannu a cinya, ba ta motsa ba tun farkon taro. Da muka shiga ɗaki yin sallar magariba muka fito, kujerarta wayam. Mako na gaba ba ta zo ba, na gaba ma haka.

Alhamis dai ta rayu, har ta fi da. Na rage fayafayaina zuwa biyu, ɗaya a buɗe taro, Sallama a rufe, kuma yanzu in na manta yaran ne ke tuna mini. Kunnena ma ya saba da nasu, akwai wata ta 'yan Sudan da nake kama kaina ina yi a kicin, kada ku gaya wa kowa. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk sanda na dubi kujerar nan sai in kau da kai. Wata da watanni daga ni har Zahra sai gaisuwar waya, ina kwana, lafiya lau, ya jiki, alhamdu lillahi, a kashe. Ina jira ta sauko, tana can ita ma ban san me take jira ba. A nan ne ku kuka fara ƙulla labaranku. Babanku ne ya gaji, wata Juma'a yana saka hula zai tafi masallaci ya ce shi dai a karatunsa bai ga inda aka ce zumunci a waya yake ba, a ƙafa aka ce.

Na ja mayafi na hau mikrobas, ƙaramar motar haya, na sauka na hau wata, na shiga lungunan Arba'a wa Nus, tuk-tuk na neman ɗauke mini zani. Sai a ranar na san irin tafiyar da matar nan ke yi mini duk mako. Na same ta a ɗakinta, ƙanshin turarenta ya cika ko'ina. Ta ce marhaba kamar jiya muka rabu, ta ce in zauna ta dafa mini gahawa. Na ce ta bari, ta ce ba a zuwa gidan 'yar Sudan a fita da busasshen baki. Ta dafa katifa ta miƙe da ƙyar. Ina kallonta ta nufi ƙofa, hannu ɗaya a bango, tana jan ƙafafu a ƙasa, shaa, shaa, ko kaɗan ba sa rabuwa da siminti. Da ta zo dokin ƙofa sai ta tsaya, ta sa hannu biyu ta kamo gwiwarta ta tsallakar da ita, sannan ta kamo ɗayar. Sai lokacin na gane dalilin da take riga kowa zuwa tana shiga da makullin da na ba ta ina kicin, da dalilin da ba ta tashi tafiya sai na shiga sallah.

"Zahra, tun yaushe?"

Ba ta juyo ba. "Tun kafin bara."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba? Ni?"

"In ce miki me? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ta dawo ta zauna tana haki. "A kan hoda ba wanda ya sani, Rabi, har ke. In na hau ta ina tafiya kamar yarinya, in juya in dawo, a duk mako wannan ne kawai lokacin da nake mantawa da ƙafafun nan. Da kika goge, da me zan taka? In tashi a gaban 'ya'yan cikina ina ja kamar agwagwa?"

Na fashe da kuka, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Yaya Garba. Na ce wallahi Alhamis mai zuwa gwangwani guda zan zazzage, wadda ba za ta iya ba ta zauna a gidan mijinta. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo mini gefen laffayarta in share fuska.

"Falon yana cika?"

"Har kicin ake tsayawa."

"Yarinyar nan ta sama, ta daina kukan?"

"Ta daina. Har ƙiba ta yi."

"To kada ki kuskura. Kika zuba ko ƙwaya ɗaya saboda ni, ban yafe ba. Haushi na ji, kuma ina da hakkin in ji, amma ban ce kin yi kuskure ba. Na yi tawa rawar na ƙoshi. Khalas, magana ta ƙare. Tashi ki ɗora gahawar da kanki, tunda kin ga asirina."

Ba ta sake zuwa Alhamis ba, kuma ban sake roƙonta ba. Ni nake zuwa wurinta duk Juma'a, in kwashe labarin jiya kaf in kai mata, wa ta zo, wa ta haihu, wace amarya ce sabuwa, ita kuma tana kushe rawar da ba ta gani ba. Ta sa ni na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, shi ya sa na bar ku kuna ta saƙa da warwara ina jin ku. Makon jiya na ce mata 'ya'yana sun mai da ni azzaluma, ta ba ni izini in wanke kaina a littafin nan. Ta yi dariya har tana tari.

"Rubuta," ta ce. "Amma da sharaɗi. Ki rubuta musu cewa na fi ki rawa."

Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa yarda na faɗi wannan a gaban kowa ba. To ga shi na rubuta da hannuna, ku karanta wa 'ya'yanku: Zahra ta fi ni rawa, nesa ba kusa ba.